Ranar da coci ke zuwa gida: tarihin zagayen kaka a ƙauyukan Ailan

A da, a ƙauyukan yamma da kudancin ƙasar Ailan, da zarar Satumba ta kama hanyar ƙarewa, akwai sanarwar da jama'a ke kasa kunne su ji a coci ranar Lahadi. Fada yakan ɗauko takarda ya shiga karanto unguwanni da sunayen masu gida: Litinin gidan wane, Talata gidan wane. Gidan da aka ambata, nan za a yi Mas, babbar ibadar 'yan Katolika, a kan teburin cin abinci, kuma duk maƙwabta za su hallara. Sunan al'adar a wurinsu Stations. Sau biyu ake yin zagayen a shekara, ɗaya lokacin azumin da ke gaban Ista, ɗaya kuma da kaka, galibi cikin Oktoba.

Sanarwar ba ta zo wa uwargida ba zato ba. An raba kowace gundumar coci zuwa unguwanni, kowace unguwa da 'yan gidajenta, kuma layi ake bi. Idan gidaje goma sha biyu ne, sau ɗaya a shekara shida abin zai faɗo kanku. Saboda haka tun da bazara ake shiri. A shafe bango ciki da waje da farar ƙasa, a yi wa ƙofa da taga fenti, a gyara jinka, a kwashe tarin taki daga bakin ƙofa, a cire ciyawar hanya. Yara su sha wanke-wanke da goge-goge har su gaji. A gidaje da yawa ba a sake ganin gyara irin wannan sai layi ya sake zagayowa, har mutane kan tuna shekarar da aka sa sabon daɓe ko aka canza rufi da cewa shekarar da aka yi Mas a gidan ce. Abin da babu kuwa aro ake yi. Kofuna daga wannan gida, kujeru daga wancan, farin ƙyallen tebur daga wurin wadda 'yarta ta aiko mata daga Amurka.

Ranar kanta da sassafe ake farawa, domin dokar coci a wancan zamani ta hana wanda zai karɓi tarayya mai tsarki ci ko sha tun daga tsakar dare. Sai a 1957 Paparoma Pius na 12 ya rage wannan zuwa awa uku, daga baya a 1964 aka mayar da shi awa ɗaya. Maza kan tsaya a tsakar gida cikin sanyi suna hirar farashin shanu, har a ji tafiyar dokin Fada, ko ƙarar motarsa a shekarun baya-bayan nan. Tare da shi akwai akwatin da ke ɗauke da rigunan ibada da ƙoƙon Mas da littafi. A babban ɗakin da ake girki da zama, an riga an ɗaga tebur an ɗora shi a kan wani abu don ya kai tsayin bagadi, an shimfiɗa farin ƙyalle, an kafa gicciye da kyandir biyu. Idan su biyu ne, Fada ɗaya ya shige ɗakin baƙi, mutane na shiga ɗaya bayan ɗaya suna furta zunubansu, ɗayan kuma ya ja Mas da harshen Latin, jama'a durƙushe a kan daɓe, wasu sun jingina da kujera, wutar murhu na ci a bayansu.

Idan an idar sai a karɓi kuɗin coci. Daga nan a shiga karin kumallo: shayi, dafaffen ƙwai, burodin gida, man shanu da aka mulmula ƙanana-ƙanana don ado, da sukari mai ƙwaya wanda yara ba sa gani sai irin wannan rana. Fada da masu gidaje su ci a ɗakin baƙi, mata na hidima, su ci daga baya. Fada na fita kowa ya saki jiki. A wasu wurare hira da waƙa da rawa kan kai dare.

Yaya aka yi ibadar da ya kamata a yi a coci ta koma ɗakin girki? Amsar tana cikin ƙarni na 18. Bayan yaƙin da ya ƙare da yarjejeniyar Limerick a 1691, mulki ya tabbata a hannun 'yan tsirarun Furotesta masu goyon bayan sarautar Ingila, majalisarsu kuma ta yi ta jero dokokin danne 'yan Katolika, waɗanda su ne mafi yawan jama'ar ƙasar. A 1697 aka ba bishop-bishop da limaman ƙungiyoyin zuhudu umarnin barin ƙasar. A 1704 aka ce kowane Fada ya yi rajista, ɗaya tak a kowace gunduma, kuma kada ya ƙetare iyakar yankinsa. A 1709 aka sa lada ga mai tona asiri: fam 50 a kan bishop, fam 20 a kan Fadan da ba shi da rajista, fam 10 a kan malamin makarantar Katolika. Tsofaffin coci-coci tuni suka koma hannun cocin gwamnati. Jama'a suka koma yin Mas a rumfuna, a rumbuna, a bayan duwatsu a daji, wani na tsaye a kan tudu yana gadi. Har yau akwai irin waɗannan duwatsu a faɗin ƙasar, ana kai musu ziyara.

Da tafiya ta yi tafiya tsananin ya lafa, amma talauci bai lafa ba. Gundumomi faɗi gare su, hanyoyi babu kyau, ɗakunan ibada ƙanana ne masu rufin ciyawa, ba sa ɗaukar ko rabin mutane. Ga kuma dokar da cocin Katolika ya kafa tun taron Lateran na 1215, cewa kowane baligi ya furta zunubansa aƙalla sau ɗaya a shekara, ya kuma karɓi tarayya lokacin Ista. Tsoho da gurgu da mai jego da wanda ba shi da suturar shiga mutane ba za su iya takawa mil biyar ko shida ba. Sai Fada ya riƙa bin su. Zuwa ƙarshen ƙarni na 18, zagayen ya zama ginshiƙin aikin limamai a karkara. A nan Fada ke gwada karatun addinin yara, ya ji wa ke rikici da wa a kan iyakar gona, ya kuma karɓi abin da zai rayu da shi, tunda gwamnati ba ta ba shi ko sisi. Da farko lokacin Kirsimeti da Ista ake yi, daga baya ya daidaita a kan bazara da kaka.

Kaka kuwa ta dace da manomi. An yanke hatsi, an yi aikin gayya an sussuke shi, an kwaso busasshen taɓon da suke ƙonawa a madadin itace an jibge a gindin bango, ana haƙar dankalin Turawa. Shi ne ɗan lokacin da gida ke da abin sa wa baƙo a gaba, kafin 1 ga Nuwamba, ranar biyan kuɗin hayar gona ga masu ƙasa.

Manyan coci ba su taɓa sakin jiki da al'adar ba. Tun farkon ƙarni na 19 bishop-bishop ke ƙorafi a kan liyafar da ake yi wa limamai bayan Mas, wadda kan jefa talaka cikin bashi don gudun kunya. Marubuci William Carleton, wanda aka haifa ɗan Katolika a Tyrone ya koma Furotesta, ya yi wa wannan ciye-ciye ba'a a wani labari cikin littafinsa na 1830. Sai kuma babbar yunwa ta zo. A Satumbar 1845 cuta ta bayyana a gonakin dankali, kuma cikin 'yan shekaru kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, wasu kimanin miliyan ɗaya suka yi hijira. Ƙasar da ƙidayar 1841 ta ba mutum sama da miliyan 8 ta koma wajen miliyan 6 da rabi a 1851. Waɗanda suka fi mutuwa su ne matalautan da suka fi dogara da zuwan Fada gida.

A cikin wannan hali Paul Cullen ya dawo daga Rum, inda ya shafe kusan shekara 30, a matsayin babban bishop na Armagh. Shi ya jagoranci taron bishop-bishop a Thurles a 1850. Burinsa a fili yake: cocin Ailan ya yi kama da na Rum. Baftisma da ɗaurin aure da furta zunubi su koma cikin ginin coci, a daina yin su a ɗakunan da kaji ke shiga. Cullen, wanda ya koma Dublin a 1852 ya kuma zama kadinal na farko ɗan ƙasar a 1866, ya yi nasara a kusan komai. Aka gina manyan coci-coci na dutse, limamai da 'yan zuhudu mata suka ƙaru, zuwa Mas ranar Lahadi ya zama abin da kusan kowa ke yi. A gabashin ƙasar da birane zagayen ya mutu ko ya koma cikin coci. Amma a Cork da Kerry da Galway da Mayo da maƙwabtansu, jama'a da limamansu suka riƙe abinsu fiye da shekara ɗari bayan Thurles.

Ina ganin sun fi Cullen fahimtar abin da ke hannunsu. A coci, mai gona babba yana da bencinsa a gaba, ɗan ƙwadago na tsaye a bakin ƙofa, ana idarwa kowa ya kama gabansa. Zagayen gida bai san wannan ba. Layi in ya zo kan mai ɗaki biyu, gidansa ne cocin unguwa a wannan safiya, kuma mai shanu hamsin dole ya sunkuya ya shiga ƙofarsa, ya durƙusa a daɓensa, ya sha shayinsa. Mutum biyu da suka yi shekara ba sa ga-maciji sai su tsinci kansu kafaɗa da kafaɗa a ɗaki ɗaya, domin ƙin zuwa Mas a gidan maƙwabci babban abin magana ne. Ginin dutse, komai kyansa, bai iya tilasta wa mutane shiga gidajen juna.

Sai dai abin yana da ɗacinsa, kuma bai kamata a rufe shi ba. A wurare da yawa Fada kan kira sunan kowane mai gida a karɓi kuɗinsa a gaban jama'a, a wasu gundumomi ma a karanto sunaye da adadin abin da kowa ya bayar daga kan bagadi. Gwauruwar da ta kawo sule biyu tana ji ana faɗin fam ɗin wani. Nauyin shirin kuma a kan mata yake, su da za su ci abinci a ƙarshe, kuma su za a yi gulma a kansu in an ga ƙura a saman kabad.

Zagayen ba shi kaɗai ne ibadar kaka ba. Tun 1883 Paparoma Leo na 13 ya keɓe Oktoba don addu'ar carbi, wadda a gidajen Ailan na wancan zamani dama kowane dare ake yin ta, uwa na ja, iyali na amsawa, a ƙarshe ta ƙara da roƙo ga ɗan da ke Boston, da mara lafiya, da saniya mai ciki. Nuwamba kuma watan matattu ne. Ranar 1 ga wata ta tsarkaka duka, ranar 2 ta rayukan waɗanda suka rigaya. Kowane gida ya rubuta sunayen mamatansa a takarda ya kai coci don a riƙa yi musu addu'a har ƙarshen wata. A daren 2 ga wata akan kunna kyandir ɗaya don kowane mamaci na gidan, a share murhu, a bar wuta na ci, a bar ƙofa ba sakata. Wannan na ƙarshe ba koyarwar Rum ba ce, tsohuwar al'adar ƙasar ce da ta sami wurin zama a gefen addini.

Labarin ya taɓo mu 'yan Nijeriya ta wata fuska. Ƙungiyar mishan ta SMA, wadda limamanta suka isa Shendam a 1907, ta kafa reshenta na Ailan a 1912 da cibiya a Cork, kuma limaman wannan reshe ne suka riƙe yankunan Kaduna da Jos bayan an raba su a 1934. 'Yan ƙungiyar Augustine na Ailan kuma suka kama aiki a Adamawa daga 1940. Da yawansu 'ya'yan manoma ne daga irin waɗannan gundumomi. Fadan da ya ɗaura akwatin Mas a bayan keke ko babur ya nufi wani ƙauye a Kudancin Zariya, ya kafa tebur a gindin bishiya ko a zauren wani, ya kwana yana sauraron matsalolin mutane, ba sabon abu yake yi ba a wurinsa. Ya ga an yi haka a ɗakin mahaifiyarsa.

A Ailan kanta, daga shekarun 1960 abubuwa suka canza. Mas ya bar Latin, an sassauta azumin tarayya, sai zagayen ya koma yamma don masu aikin albashi su samu zuwa, karin kumallo ya zama walimar dare. Ƙauyuka suka ragu, matasa suka rage zuwa coci, musamman bayan tonon asirin cin zarafin yara da ya girgiza cocin ƙasar daga shekarun 1990. Masu shiga aikin limanci suka yi ƙaranci ƙwarai, har Fada ɗaya kan riƙe gundumomi biyu ko uku. Gidaje da yawa suka fara neman a ɗauke musu layinsu, a yi Mas ɗin unguwar a coci ko a ɗakin taro, annobar korona ta 2020 kuma ta dakatar da abin da ya rage na wani lokaci. Duk da haka akwai gundumomin yamma da kudu da har yanzu suke fitar da jerin gidajen kaka, kuma cikin limaman da ke riƙe da gundumomin karkarar Ailan a yau akwai 'yan Nijeriya.