Bifrost: Ƙaramar Hukumar 'Yan Aislan a Filayen Kanada

A 1875 dutsen Askja ya yi aman wuta a ƙasar Aislan, toka ta rufe makiyaya, talauci ya ƙaru. A watan Oktoban shekarar, ayarin 'yan ƙasar sama da 200 ya sauka a gaɓar yammacin Tafkin Winnipeg, inda gwamnatin Kanada ta keɓe musu fili. Suka raɗa wa wurin suna Sabuwar Aislan.

Ba su sauka da sa'a ba. Agana ta ɓarke a 1876, ta kashe kimanin mutum 100 cikinsu, ta kuma yi mummunan ta'adi ga 'yan asalin yankin, ciki har da iyalin John Ramsay, wanda ya taimaka wa baƙin da dabarun farauta da kamun kifi. Duk da haka suka daure. A 1877 suka fara buga jaridarsu, Framfari, a Lundi, garin da yau ake kira Riverton, suka kuma tsara dokokin mulkin kansu.

Wannan 'yanci bai daɗe ba. Lardin Manitoba ya faɗaɗa iyakarsa a 1881 ya haɗiye yankin, a 1887 kuma aka kafa ƙaramar hukumar Gimli. Da ƙauyukan arewa suka bunƙasa, sai aka yanke su a ƙarshen 1907 aka ba su tasu hukumar, Bifrost. Jirgin ƙasa ya isa garin Arborg da ke yankin a 1910, ya kai Riverton a 1914, hatsi da kifi da katako suka sami hanyar kasuwa. Manoma 'yan Yukiren da Polan su ma suka shigo suka sari gonaki.

 

A 2013 lardin ya yi doka cewa duk hukumar da mutanenta ba su kai 1,000 ba ta nemi abokiyar haɗewa. Riverton, wadda a lokacin take da tata hukumar daban, ta faɗa cikin wannan rukuni. Ranar 1 ga Janairu, 2015 aka haɗe ta da maƙwabciyarta Bifrost, aka sami hukumar Bifrost-Riverton, yayin da adadin ƙananan hukumomin Manitoba ya ragu daga 197 zuwa 137.