Gidan Badukun da Ya Haifi Shakespeare

A shekarar 1552 hukumar garin Stratford da ke Ingila ta ci wani baduku mai suna John Shakespeare tarar sule ɗaya, saboda ya tara juji a layin Henley. A layin ne matarsa Mary Arden ta haifa masa William, wanda daga baya ya zama marubuci, a 1564, shekarar da annoba ta yi ɓarna a garin. Yaron ya tsallake rijiya da baya.

Kasuwa ce ta raya Stratford. Tun 1196 Sarki Richard na Ɗaya ya ba da izinin ta riƙa ci duk Alhamis, manoma da 'yan tumaki suna tsallako kogin Avon da hajarsu. John yana ɗinka safar hannu ta fata, yana kuma taɓa cinikin ulu ta bayan fage, har aka taɓa kai shi gaban shari'a. A 1568 ya zama shugaban garin. Gidan nasa na katako ne da yaɓe, shagon aiki a ƙasa, ɗakin kwana a sama. Wanda ya san warin majema zai gane cewa marubucin bai tashi cikin ƙamshin turare ba.

Da William ya yi kuɗi a Landan, sai ya sayi katafaren gida a garin a 1597, mai suna New Place. Wannan gidan babu shi yanzu. Wani limamin coci, Francis Gastrell, wanda masu leƙe suka ishe shi, ya sare wata bishiya da ke lambun, sannan a 1759 ya rushe gidan da aka sake ginawa a wurin kan rigimar haraji. Gidan badukun kuwa ya tsira, duk da cewa wani sashe ya zama masauki, wani kuma shagon mahauci. Baƙi suka riƙa zuwa suna karce sunayensu a gilashin taga, har da marubuci Walter Scott.

A 1847 aka sa gidan a gwanjo. Raɗe-raɗin cewa P. T. Barnum, mai shirya wasannin nishaɗi, zai kwashe shi zuwa Amurka ya zaburar da Turawan Ingila, su marubuci Charles Dickens suka shiga neman gudummawa, aka saye shi kan fam 3,000. Masu gyara suka rushe gidajen da ke manne da shi don gudun gobara, shi ya sa yau yake tsaye shi kaɗai, alhali William a cikin maƙwabta ya san shi.