Ƙwallon Ƙafa da Siyasar Ƙasashen Waje: Ƙauracewar Afirka ta 1966

Masanin tarihin hulɗar ƙasashe ya saba neman hujjojinsa cikin wasiƙun jakadu da takardun yarjejeniya. Amma akwai al'amuran da ba za a fahimce su ba sai an duba filin ƙwallo. Ɗaya daga cikinsu shi ne ƙauracewar da Afirka ta yi wa Gasar Cin Kofin Duniya ta 1966 a Ingila.

Asalin rigimar rabon gurabe ne. Cikin gurabe 16, hukumar FIFA, a ƙarƙashin Stanley Rous ɗan Ingila, ta ba Turai 10, Amurka ta Kudu 4, Amurka ta Arewa da ta Tsakiya 1. Gurbi ɗaya tak aka bar wa Afirka da Asiya da yankin Ostireliya su yi kokawa a kansa. Ƙasashen da ba su daɗe da samun mulkin kai ba suka ga wannan raini ne irin na zamanin mulkin mallaka.

Ghana ce ta ja gaba. Tun da farko Shugaba Kwame Nkrumah ya ɗauki ƙungiyar Black Stars tamkar jakadun haɗin kan Afirka. Daraktansa na wasanni, Ohene Djan, tare da Yidnekatchew Tessema na Habasha, suka nemi a ba Afirka gurbinta. Da FIFA ta ƙi, ƙasashen Afirka 15 suka janye cikin 1964.

Wannan mataki ba a banza ya zo ba. Ghana ta ci Kofin Afirka a 1963 da 1965, watau 'yan wasanta sun rasa damarsu daidai lokacin da suke kan ganiyarsu. Abin mamaki kuma, wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar, Eusebio, haifaffen Mozambik ne, amma ƙwallayensa 9 Fotugal ya ci wa.

Duk da haka kwalliya ta biya kuɗin sabulu. An ba Afirka gurbi nata, Maroko ta tafi Meziko a 1970. Sa'an nan a 1974 ƙuri'un Afirka suka taimaki Joao Havelange na Brazil ya ka da Rous, a 1976 kuma aka kori Afirka ta Kudu daga FIFA saboda wariyar launin fata.

Ƙasashen nan ba su da kuɗi ko ƙarfin soja da za su tilasta wa kowa. Abin da suka mallaka shi ne ikon ƙin halarta baki ɗaya, kuma ya yi tasiri ne domin babu wadda ta saɓa alkawari.