Gidan halittu mai rufin ciyawa a San Faransisko

A wani hutun damina aka tura mu kwas na malamai a Amurka, kuma a Asabar ɗin ƙarshe aka kai mu gidan adana halittu da ake kira California Academy of Sciences, cikin lambun Golden Gate a San Faransisko. Ni da na saba da gidan Bubu Hama na Yamai, ƙasusuwa da namun daji na sa rai zan gani. Na gan su kuwa, har da kifaye, da daji mai hawa huɗu cikin ƙwallon gilashi. Amma ginin kansa da tarihinsa su ne suka biyo ni gida.

An kafa cibiyar a 1853, lokacin da garin ke cike da masu neman zinariya. Shekara hamsin suna tara tsirrai, tsuntsaye da duwatsu, har suka samu babban gini a titin Market. Ranar 18 ga Afrilu 1906 ƙasa ta girgiza, gobara ta biyo baya. Mai kula da sashen tsirrai wata mace ce, Alice Eastwood. Tun kafin wannan rana ta saɓa wa al'adar zamaninta: ta ware busassun tsirran da da su aka fara raɗa wa kowane iri suna, ta ajiye su wuri guda maimakon a watse cikin sauran. Da ta iso ta tarar matattakala ta rufta. Sai ta kama ƙarfen gefe ta hau har bene na shida, ita da wani mataimaki suka ɗaure kayan suka zuro su ƙasa. Guda 1,497 suka tsira. Kusan duk sauran abin da aka tara wuta ta cinye, har da kayan ɗakinta na kanta.

Na daɗe ina juya wannan. Jarumtar ranar ba ta da amfani in da ba ta riga ta san abin da ya fi komai daraja ba. Mu nan, in wuta ta kama lakwal, wa ya san inda rajistar yara take?

Jirgin ruwan cibiyar da ya tafi tsibiran Galapagos a 1905 ya dawo bayan gobarar da kaya masu yawa, da su aka sake farawa. A 1916 suka koma lambun Golden Gate. Girgizar 1989 ta sake lalata wasu gine-ginen, daga nan aka yanke shawarar rushewa a yi sabo. Wani mai zanen gini ɗan Italiya, Renzo Piano, aka ba aikin, aka buɗe ranar 27 ga Satumba 2008.

Rufin kusan hekta guda ne, an zuba masa ƙasa, an dasa tsirrai wajen miliyan 1.7, duk ƴan asalin yankin, waɗanda ba su cika son ban ruwa ba. Yana da tuddai bakwai. A kan manyan akwai tagogi masu buɗe kansu in zafi ya taru, iska mai zafi ta fice ta sama, mai sanyi ta shigo ta ƙasa. Cikin bango kuma tsummokaran wandon jins aka cusa don tare zafi da sanyi. Da na ji haka sai da na yi dariya, don gwanjon kasuwar Maraɗi ya faɗo mini a rai.

Kuɗin da aka kashe, kusan dala miliyan 500, ba namu ba ne, kuma ban ce komai nasu daidai ba: kuɗin shiga ma zai hana talaka kai ƴaƴansa. Sai dai tsaye a kan rufin nan soron kakata na tuna, mai kaurin laka, da ajina mai rufin kwano inda yara ke gyangyaɗi tun sha ɗaya a watan Afrilu.

Eastwood ta koma aiki a 1912, ba ta ajiye ba sai 1949, tana da shekara 90. Tsirran da ta zuro daga bene na shida suna nan a ma'ajiyar sabon ginin, ƙarƙashin ciyawar.