Cinikin Biri a Sama: Tarihin Ƙiyasta Darajar Matasan Ƴan Wasa

Duk wanda ya saba shiga karar dabbobi a ƙasar Gaya ya san cewa sayen maraƙi ya fi sayen bijimi wuya. Bijimi ya gama nuna abin da yake, shi kuwa maraƙi sai dillali ya buɗe bakinsa ya dubi haƙora, ya shafa ƙashi, ya tambayi asalin garke, sannan ya faɗi kuɗi bisa zato. Irin wannan zato ne manyan ƙungiyoyin wasa suka shafe fiye da ƙarni guda suna yi a kan ƴaƴan mutane, kuma tarihinsa ya shafi yaran da ke buga tamola a filin makaranta a Karakara.

Ɗaya daga cikin wuraren da wannan ciniki ya fara kafuwa shi ne wasan besbol na Amurka, wanda ake jefa ƙwallo a doke ta da kulki. A 1879 masu ƙungiyoyi suka ƙulla yarjejeniyar da ta ba kowannensu ikon riƙe ƴan wasansa, ta yadda ɗan wasa ba ya barin ƙungiya sai an sayar da shi, ko an musanya shi, ko an sallame shi. A shekarun 1920 Branch Rickey na ƙungiyar St. Louis Cardinals ya shimfiɗa tsarin da suke kira gona: a mallaki ƙananan ƙungiyoyi, a tara samari da araha, a raine su, a riƙe na ƙwarai, a sayar da sauran. Daga nan saurayin da bai taɓa buga babbar gasa ba ya zama haja mai farashi. Curt Flood ya ƙi yarda a musanya shi a 1969, ya kai ƙara har Kotun Ƙoli, ya sha kaye a 1972, amma a 1975 wani mai sasanci ya karya ƙarfin tsohuwar yarjejeniyar.

Musayar da aka yi a 1987 ta nuna inda wuyar take. Ƙungiyar Detroit tana neman lashe rukuninta, sai ta ba Atlanta wani saurayi ɗan shekara 20, John Smoltz, ta karɓi gogaggen majefi Doyle Alexander mai shekara 36. Alexander ya ci wasa 9 bai faɗi ko ɗaya ba, Detroit ta lashe rukunin, amma a 1989 ya ajiye wasa. Smoltz kuwa ya yi wa Atlanta shekara ashirin, aka kuma shigar da shi zauren gwarazan wasan a 2015. Ɗaya ta sayi yau, ɗaya ta sayi gobe, kuma har yanzu masana wasan ba su daina gardama kan wadda ta ci riba ba.

A ƙwallon ƙafa kuɗi ake biya maimakon musaya, amma lissafin guda ne. Bayan hukuncin Bosman na 1995 ya ba ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare damar tafiya kyauta a Turai, ƙananan ƙungiyoyin Beljiyam da Holan suka ƙara dogara ga sayen matasa da araha daga nesa su sayar da tsada. Ta wannan hanya Moussa Maâzou, haifaffen Yamai a 1988, ya bar ƙungiyar soja ta ASFAN ya tafi Lokeren a 2008. Da ya yi ta zura ƙwallaye, CSKA ta birnin Mosko ta saye shi a 2009 kan kusan yuro miliyan 5, wato fiye da biliyan 3 na sefa. Bai samu gindin zama a Rasha ba, aka yi ta ba da aronsa ga Monaco da Bordeaux da wasunsu. Duk da haka shi ne ya ci Masar a Yamai a watan Oktoba na 2010, ƙwallon da ta taimaka wa Mena zuwa gasar cin kofin Afirka karo na farko a 2012. Abin da kasuwa ta kira asara, ƙasarsa ba ta ɗauke shi haka ba.

Wannan ƙungiya ta CSKA ita ce ta sake gwada sa'arta a 2012 da Ahmed Musa, wanda ya ci ƙwallo 18 a kaka guda a Kano Pillars kafin ya tafi VVV-Venlo ta Holan a 2010. A wannan karon zato ya yi daidai: ya lashe gasar Rasha sau uku, aka sayar da shi ga Leicester a 2016 kan fam miliyan 16 da ɗoriya. A Ingila kuwa shi ma bai samu gurbi tsayayye ba. Mai saye guda, samari biyu masu gudu kamar barewa, sakamako daban. Ana iya auna gudu da yawan ƙwallaye, amma sanyi da kewar gida da rauni da ra'ayin mai horarwa ba su hawa sikeli.

Tunda darajar saurayi tana rataye da shekarunsa, shekaru ma suka zama abin ciniki. A karkarar da aka daɗe ana rubuta wa yaro cewa an haife shi wajen shekara kaza, rage shekaru bai yi wuya ba, har FIFA ta shigo da hoton ƙashin wuyan hannu a gasar duniya ta ƴan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Najeriya a 2009. Tun 2001 kuma dokokinta suka hana kai yaro ƙasar waje kafin ya cika 18, sai bisa wasu ƴan sharuɗɗa, suka kuma ware kashi 5 cikin ɗari na kuɗin sayarwa domin ƙungiyoyin da suka raine shi tun daga shekara 12 zuwa 23.

A nan tarihin ya iso ƙofar malamai da ƙungiyoyin gari. Wannan kaso ba ya zuwa sai ga ƙungiyar da ke da rajista, kan yaron da ke da lasisi da takardar haihuwa ta gaskiya. Wanda ya koya wa yaro ƙwallo a Karakara ba tare da takarda ba, ya yi kiwo ne wani ya tatsa. Kuma tun zamanin Rickey tsarin gona bai ɓoye lissafinsa ba: ana tara da yawa domin a tsinci kaɗan. Ƙungiya tana raba asararta a kan samari masu yawa, amma uban da ya sayar da gona ya cire ɗansa daga aji ya miƙa wa dillali, a kan yaro guda ya zuba komai. Idan wuri ya yi wuri, yaron da ya riƙe karatunsa tare da ƙwallonsa shi ne wanda cinikin biri a sama ba ya bari hannu rabbana.