Renato Righetto

Renato Righetto (1921 zuwa 2001) ɗan ƙasar Brazil ne, alƙalin wasan ƙwallon kwando na ƙasa da ƙasa. A birnin Campinas na jihar Sao Paulo aka haife shi, a can kuma ya rasu. Sana'arsa ta asali zanen gine-gine ce, domin a zamaninsa busa usur ba ya ciyar da gida. Daga 1960 zuwa 1977 ya yi alƙalancin wasannin ƙasa da ƙasa fiye da 800, ciki har da gasar Olamfik huɗu a jere: Roma a 1960, Tokyo a 1964, Meziko a 1968, da Munich a 1972.

Sai dai duk wannan tarin aiki, daƙiƙa uku ne suka rufe shi. A wasan ƙarshe na Munich, Amurka ta kara da Tarayyar Sobiyet, Righetto na alƙalanci tare da Artenik Arabadjian na Bulgeriya. Tun da aka shigar da ƙwallon kwando Olamfik a 1936, ba a taɓa doke Amurka ba, wasa 63 ke nan. Saura daƙiƙa uku a tashi, Sobiyet na gaba da maki 49 da 48, aka yi wa ɗan wasan Amurka Doug Collins ƙeta, ya jefa ƙwallo biyu na hukunci duka suka shiga, Amurka ta koma gaba da 50 da 49.

Sobiyet suka sako ƙwallo, amma masu horar da su suka yi ca a teburin masu lissafi, suna cewa sun nemi a tsayar da wasa don su gana da 'yan wasansu, ba a ba su ba. Ganin hayaniyar, Righetto ya busa usur, saura daƙiƙa ɗaya. Nan ne William Jones, babban sakataren hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ya sauko daga mazauninsa ya ce a mayar da agogo daƙiƙa uku. Dokar wasa ba ta ba shi wannan hurumi ba, amma wa zai ja da mai gida? Ga kuma matsalar harshe: alƙali ɗaya harshen Fotugis yake ji, ɗayan ɗan Bulgeriya, mutanen teburin lissafi kuma masu jin Jamusanci.

Aka sake sako ƙwallo tun ba a gama gyara agogon ba, ƙaho ya yi ƙara, Amurkawa suka ɓarke da murna. Aka ce a sake. A karo na uku Ivan Edeshko ya cilla ƙwallo tun daga wancan ƙarshen fili, Alexander Belov ya cafe tsakanin Amurkawa biyu ya zura. Sobiyet 51, Amurka 50.

Amurka ta ɗaukaka ƙara, kwamitin mutum biyar ya yi watsi da ita da ƙuri'a uku da biyu, kuma 'yan wasanta suka ƙi karɓar lambar azurfa har yau. Righetto kansa bai ɓoye ra'ayinsa ba daga baya: daƙiƙa ɗaya ya kamata a buga. Wanda ya duba al'amarin da idon basira zai ga laifinsa bai wuce barin wani ya shige masa gaba a filin da shi ne mai hukunci ba.

Ya ci gaba da alƙalanci shekara biyar bayan Munich. A 2007 FIBA ta saka sunansa a jerin gwarazanta na tarihi, shekara shida bayan rasuwarsa.