Hukuncin Shiga Yarjejeniyar Duniya Kan Hana Safarar Yara

Tambaya: Shin ya halatta hukuma ta rattaba hannu a kan yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta hana sata da sayar da yara, alhali ba Musulmi ne suka tsara ta ba?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ka sani, ya kai ɗan'uwa, ke ma 'yar'uwa, wannan halal ne, matuƙar babu sharaɗin da ya halatta haram ko ya haramta halal. Aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta yi umarni da taimakekeniya a kan alheri. Kuma Annabi (SAW) tun kafin aike ya halarci Hilful Fudul a gidan Abdullahi ɗan Jud'an, inda Ƙuraishawa suka yi alkawarin tsaya wa duk wanda aka zalunta. Bayan zuwan Musulunci ya yaba wannan alkawari, ya nuna da za a kira shi zuwa irinsa zai amsa.

Sayar da ɗa mai 'yanci yana cikin manyan zunubai. A hadisin Bukhari, wanda ya yi haka ya ci kuɗin yana cikin mutum uku da Allah da kansa zai zama abokin husumarsu ranar Ƙiyama. Tun a 1615 Shehu Ahmad Baba na Timbuktu ya yi fatawa cewa bai halatta a bautar da mutanen garuruwan Musulmi ba, ya ambaci Kano da Katsina da Barno a cikinsu.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da Yarjejeniyar Haƙƙin Yara a 1989, Najeriya ta amince da ita a 1991. Sashe na 35 ya wajabta wa ƙasashe hana sace yaro da sayar da shi. A 2001 ta amince da yarjejeniyar Palermo kan fataucin mutane, a 2003 aka kafa hukumar NAPTIP. Sai dai sa hannu kaɗai ba ya mayar da yarjejeniya doka a ƙasar nan sai majalisa ta zartar. Dokar haƙƙin yara ta tarayya ta fito a 2003, Kano kuwa ta samu tata a 2023.

Wurin lura shi ne, duk sashen da ya saɓa wa Shari'a, hukuma tana iya togace shi, kamar yadda Saudiyya ta yi a 1996. Misali tabanni, wato jingina yaro ga wanda ba ubansa ba, Suratul Ahzab ta soke shi. Abin da muke da shi riƙo ne, yaro ya ci gaba da amsa sunan mahaifinsa, kuma sashe na 20 ya ambaci kafala da sunanta. Abin da aka amince da shi kuwa, cika shi wajibi ne, kamar yadda farkon Ma'ida ya nuna.

Mu a Kano mun ga abin da idonmu. A watan Oktoba na 2019 'yan sanda suka gano yara tara da aka sace daga nan aka kai Onitsha, an canza musu suna da addini. A 2021 kotu ta yanke wa jagoran ɓarayin ɗaurin shekara 104.

Amma kada ka ɗora komai a kan hukuma. A nan Ƙofar Mazugal muna ganin yadda ake kawo 'yan mata ƙanana daga ƙauye aikatau, dillaliya ce ke karɓar albashin, uwa ba ta ma san gidan da 'yarta take kwana ba. Kada ki ba da 'yarki ga wadda ba ki san inda za ta kai ta ba. Kai kuma da ka kai ɗanka almajirci, ciyar da shi da tufatar da shi suna nan a wuyanka. In ka ga yaro a hannun da ba ka yarda da shi ba, sanar da mai unguwa, ko Hisba, ko 'yan sanda. Yin shiru a nan taimakon azzalumi ne.

Allah ya tsare mana zuri'armu. Allah ne mafi sani.